Tuƙar Rake

Ranar Talata nake hawa bas ɗin asuba,
akwatin ƙanƙara a cinya,
kwalabe shida a ciki suna kaɗa haƙora.
Daga jami'a zuwa masana'antar sukari awa biyu ne,
rake dama, rake hagu,
jar ƙasar São Paulo tana bin taya.

Malamata Ondina ta ba ni saƙo:
"Gaya musu yis ɗinmu ya iya cin zaƙin da ke ɓoye a tuƙa."
Shekara huɗu tana renonsa,
ɗan lele, ruwansa tatacce, ɗuminsa a kan ma'auni,
ko ƙuda bai taɓa gifta masa ba.

Jurandir ne mai tankuna.
Shekara talatin da ɗaya yana hawa tsani guda,
injin matsa ya cinye masa kunnen hagu.
Ya ɗaga kwalbar a hasken taga, ya girgiza,
ya ce, "Wannan ɗan gata ne.
A tankina akwai laka, akwai ruwan sama,
akwai baƙin da ba wanda ya gayyata."

Muka zuba.
Kwana tara yana tafasa kamar zai yi magana.
A na goma kumfa ta kwanta,
tsami ya bugi hanci tun daga bakin ƙofa.
Manaja ya zo da alƙalami a bayan kunne,
ya lissafa asara har da kuɗin wankin tanki,
bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

Na koma da kwalabe wayam.
Ondina ta dubi lambobi har fitilun titi suka kama,
sannan ta ce, "Nawa ne lambar takalminka?"

Da takalmin aro ta hau tsanin,
hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya riƙe da tabarau.
Jurandir bai nuna mata allo ba.
Ya ce ta rufe ido ta shaƙa:
wannan lafiya lau, wannan gobe zai kwanta ciwo.
Ya kai ta gwiwar wani tsohon bututu bayan tanki na bakwai,
inda soso ba ya kaiwa,
ya kankaro wani danƙo da cokalin kofinsa.
"Wannan ba wanda ya shuka shi.
Na ƙona shi da ruwan zafi, na sa masa magani,
kowace kaka sai ya dawo."

Ita ta ba shi lamba.
Shi yana kiransa Kunnen Ƙashi.

Wata goma sha huɗu muna koya wa ɗan bututu
abin da ɗan kwalba ya sani.
Ranar da ya ci tuƙa bai mutu ba,
sai lauyoyi suka iso, kowa da jakarsa.
Kamfani ya ce bututunsa ne, a yi shiru shekara biyu.
Jami'a ta ce iliminta ne, a buga a duniya ta ji.
Aka yi ta jan igiya a ɗaki mai sanyi,
yis kuwa yana can yana aikinsa,
bai san an raba shi kashi-kashi ba.

Ondina ta haƙura da wata tara na shiru.
Abu ɗaya ta ƙi saki:
suna na uku a kan takardar.

Na kai masa ita wata Talata.
Ya goge hannu a wando, ya bi haruffan da yatsa,
ya tsaya a kan nasa.
Ya ce, "Sauran me suka ce?"
Na fara fassara masa, injin ya danne muryata.
Ya juyo mini da kunnen dama,
ido kuma na kan tanki na bakwai,
inda kumfa ke hawa.